Masu Ɗaukar Hoto Da Hazon Gaɓar Tekun Namibiya

A wurin mai ɗaukar hoto, hasken rana shi ne jari. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai hoto a bakin kasuwa ko a filin makaranta ya san yadda akan juya mutum ya fuskanci haske, ya kuma san yadda akan ɗage aiki idan gari ya yi duhu. To amma akwai wata gaɓar teku a kudu maso yammacin Afirka wadda gwanayen wannan sana'a suke tahowa gare ta daga ƙasashe masu nisa, su kashe kuɗi mai yawa, su tashi tun da asuba cikin sanyi, alhali kuwa abin da suke fata shi ne gari ya waye ba a ga rana ba. Wannan wuri shi ne gaɓar tekun ƙasar Namibiya, inda hamadar Namib ta gangaro ta haɗu da Tekun Atlantika, abin da suke nema kuma shi ne hazo.

Ya kamata tun da fari mai karatu ya bambanta wannan hazo da wanda aka saba gani a ƙasar Hausa. Hazon hunturu ƙura ce busasshiya wadda iska ke kwasowa daga Sahara, mai yawa daga cikinta kuwa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa, shi ya sa take busar da leɓe, ta fasa dunduniya. Hazon bakin teku kuwa ruwa ne zalla, watau ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai, waɗanda ba su kai kaurin silin gashi ba, suna shawagi cikin iska. Gajimare ne da ya sauko ya kwanta a ƙasa. A ƙa'idar masana yanayin sama, ba a kiransa hazo sosai sai ya hana mutum hangen abin da ya kai nisan kilomita 1.

INDA YAKE FITOWA

Asalin al'amarin yana cikin teku. Akwai wani ruwa mai sanyi da ke gudana a gefen yammacin kudancin Afirka, daga kudu ya nufi arewa har ya kai Angola, ana kiransa ruwan Bengela. Iskar da ke kaɗawa a gaɓar takan ture ruwan sama-sama ta yi cikin teku da shi, sai ruwan ƙarƙashi mai tsananin sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Sa'ad da iska mai laima ta ratsa kan wannan ruwa sai ta huce, laimar da ke cikinta ta dunƙule ta zama hazo, da dare kuma ya kwararo kan tudu. A wasu sassan gaɓar akan yi hazo fiye da kwana 180 a shekara, wani lokaci kuma yakan kutsa cikin hamada har kusan kilomita 100.

Abin mamaki shi ne, wannan sanyin da ke kawo hazo shi ne kuma yake hana ruwan sama. Iska mai sanyi tana da nauyi, ba ta hawa sama balle ta haɗa hadari. Saboda haka garin Swakopmund, wanda Jamusawa suka kafa a bakin tekun cikin 1892, ba ya samun ruwan sama da ya kai milimita 20 a shekara, abin da hadari guda kan zubar a Kano cikin watan Agusta kafin a gama cin tuwon dare. Ga gari a jiƙe kusan kullum da safe, rufin gidaje na ɗiga, amma babu damina.

GAƁAR ƘWARANGWAL

Matuƙa jiragen ruwa sun daɗe da sanin sharrin wannan hazo. Tun cikin 1486 wani matuƙi ɗan ƙasar Fotugal, Diogo Cão, ya sauka a wurin da yanzu ake kira Cape Cross, ya kafa ginshiƙin dutse, amma bai tarar da abin da zai zaunar da shi ba. Waɗanda suka biyo bayansa da yawa ba su koma gida ba, domin jirgin da ya ɓace cikin hazo ya hau yashi, mutanensa ko sun kuɓuta daga ruwa, ƙishirwa tana jiransu a tudu.

Ranar 5 ga watan Satumba, 1909, wani jirgin Jamusawa mai suna Eduard Bohlen ya kafe a yashi cikin hazo mai kauri a kusa da Conception Bay. Daga wancan lokaci zuwa yau yashi ya yi ta cin teku, har gawar jirgin ta koma cikin hamada, kimanin mita 400 daga bakin ruwa. Cikin watan Nuwamba na 1942 kuma wani jirgin Ingila, Dunedin Star, ya kafe can arewa kusa da iyakar Angola, aka sha baƙar wuya kafin a ceto mutanensa, har wani jirgin ruwa da wani jirgin sama da suka je taimako su ma suka salwanta. Labarin wannan ceto ne wani marubuci, John Henry Marsh, ya rubuta cikin littafin da ya fito a 1944, ya sa masa suna Skeleton Coast, watau Gaɓar Ƙwarangwal, sunan da ya bi yankin har yau. A 1971 aka keɓe sashen da ya tashi daga kogin Ugab zuwa kogin Kunene, tafiyar kimanin kilomita 500, aka mai da shi gandun da hukuma ke tsaro.

Ba dukan waɗannan jirage ne ake iya kaiwa gare su cikin sauƙi ba. Wanda masu hoto suka fi ɗauka shi ne Zeila, wani tsohon jirgin kamun kifi da aka sayar domin a farfasa a ƙasar Indiya, igiyar da ake jansa da ita ta tsinke cikin watan Agusta na 2008, ya zo ya kafe kudu da garin Henties Bay, daf da hanyar mota. Yana nan a karkace, tsatsa na cinsa, baƙaƙen tsuntsayen teku sun mai da shi gida. Da rana tsaka, hotonsa bai wuce hoton tarin ƙarfe ba. Amma da sassafe, sa'ad da hazo ya shafe iyakar sama da ruwa, sai a gan shi kamar an rataye shi a sarari, babu ƙasa babu sama, a nan ne mai kallo yake fahimtar abin da ya kai jirage irinsa ga halaka.

YADDA KYAMARA KE RUƊEWA

Matsala ta farko da ke fuskantar mai hoto a irin wannan wuri ita ce, kyamarar da ya dogara da ita ba ta san hazo ba. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, an kuwa gina shi bisa zaton cewa idan aka gauraya fari da baƙin da ke gaban mutum, za su tashi a kan launin toka matsakaici, wanda ke mai da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Wannan zato yakan yi daidai a titi ko a gona. Amma idan aka nuna wa ma'aunin farin hazo, sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya rage shi, hoto ya fito da duhu-duhu kamar bangon da hayaƙi ya turare.

Maganin abin shi ne mai hoto ya saɓa wa na'urarsa da gangan, ya ƙara haske da mataki ɗaya, wani lokaci har biyu. Kowane mataki ninki ne. Alal misali, idan ma'auni ya ce a buɗe idon kyamara na kashi 1 cikin 250 na daƙiƙa, sai a mai da shi kashi 1 cikin 125. Sai dai kuma akwai iyaka, domin idan aka zarce, hazon zai zama farar takarda wadda babu kome a cikinta, abin da ya ƙone kuwa ba ya dawowa. A zamanin fim, sai an koma ɗakin wanke hoto bayan kwanaki kafin a san ko an dace. Kyamarorin yanzu suna nuna wani ɗan zane mai kama da tudu wanda ke bayyana yawan duhu da hasken hoto nan take. Gwanaye sukan tura tudun nan ya matsa dama, amma ba su bari ya taɓa bango.

Matsala ta biyu ita ce saiti. Kyamara tana daidaita ganinta ne ta hanyar neman gefen abu, inda duhu ya yi iyaka da haske. Cikin hazo kuwa gefuna sun narke, sai a ji gilashin yana kai da komowa, ya rasa abin kamawa. Dole mai hoto ya nemi wani abu mai duhu a kusa, ko dutse ko turke, ya saita a kansa, ko kuwa ya kashe saitin na'ura ya murɗa da hannunsa.

ABIN DA HAZO KE BAYARWA

Wanda ya shawo kan waɗannan biyu, sai ya tarar hazo yana yi masa aikin da babu wata na'ura da za ta yi. Babbar wahalar hoton fili ita ce tarkace: ga turakun waya, ga motoci, ga gine-gine, kowanne yana jan ido. Hazo yakan share duk wannan, ya bar abu ɗaya ko biyu. Har ila yau yakan jera abubuwa bisa nisansu. Na kusa ya fito baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, na can nesa kuwa sai alama. Da wannan jeri ne ido ke gane zurfi a kan takarda shimfiɗaɗɗiya.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar tsohuwar gadar ƙarfe ta Swakopmund, wadda ta miƙe ta shiga teku. Jamusawa sun fara gina ta a 1912 domin sauke kaya, yaƙin duniya na 1914 ya tsai da aikin tun ba a kai rabin tsawon da aka yi niyya ba. Idan mutum ya tsaya a gindinta da safe, ginshiƙanta sukan yi ta dusashewa ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe ya ɓace, gadar ta zama kamar ba ta da ƙarshe. Haka nan hasumiyar fitilar garin, wadda aka kunna tun 1902, cikin hazo ne ake ganin haskenta ya miƙe kamar sanda, domin ɗigon ruwan ne ke tare hasken ya nuna hanyarsa.

Zaɓen gilashi ma yana da nasa tasiri. Gilashi mai jawo nesa yakan tattara hazon da ke tsakanin mai hoto da abin ɗauka, ya sa ya yi kauri. Gilashi mai faɗin gani kuwa, idan aka matsa kusa da abu, yakan sa hazon ya yi shara-shara. Saboda haka mai hoto yana iya ƙara hazo ko rage shi da ƙafarsa kawai, ta matsawa gaba ko ja da baya.

Da yake haske ya yi ƙaranci, ba a rabuwa da mariƙi mai ƙafa uku. Wasu ma sukan ƙara wani baƙin gilashi a gaban kyamara, wanda ke rage haske har kusan sau 1,000, domin su bar idon a buɗe na daƙiƙa 30 ko fiye. Cikin wannan lokaci raƙuman ruwa sukan yi ta zuwa suna komawa, sai su fito a hoto sumul kamar madara, ruwa da hazo su zama abu guda. Mai hoton nan na ƙasar Japan, Hiroshi Sugimoto, wanda ya fara jerin hotunan tekunan duniya a 1980, ya yi suna da hotunan da babu kome cikinsu sai ruwa da sama, a wasunsu ma hazo ya shafe layin da ya raba su.

Sanin inda rana take shi ma wajibi ne ko da ba a ganinta. Gaɓar Namibiya yamma take kallo, watau rana daga cikin hamada take fitowa. Wanda ya juya gabas da safe zai ga hazon yana ƙyalli bisa tuddan yashi, kome ya zama inuwa. Wanda ya ba rana baya ya kalli teku kuwa, idan ya yi sa'a sa'ad da hazon ya fara yayewa, yana iya ganin farin bakan gizo. Ɗigon hazo ya yi ƙanƙanta ƙwarai, ba ya iya rarraba launuka kamar ɗigon ruwan sama, sai bakan ya fito fari fat. Wannan lokaci na yayewar hazo, wanda sau da yawa yakan zo da hantsi, shi ne mafi daraja, ba ya kuwa daɗewa. Mutum ya yi jiran sa'a uku cikin sanyi domin aikin minti goma.

Wani lokaci kuma jiran yakan tashi a banza. Tsakanin watan Mayu da Agusta, watau lokacin sanyinsu, akwai ranakun da wata iska mai zafi da ƙura ke gangarowa daga tuddan gabas, ta kori hazon ta mai da shi cikin teku. Baƙon da ya zo na kwana uku ya tarar da ita, sai ya koma da hoton rana.

GISHIRI DA HAƊARI

Hazon teku yana ɗauke da gishiri, gishiri kuwa abokin gābar ƙarfe da gilashi ne. Cikin 'yan mintoci raɓa kan lulluɓe gaban kyamara, mai hoto ya yi zaton hazo ne ya ƙaru, ashe gilashinsa ne ya jiƙe. Don haka akan riƙe ƙyalle mai laushi ana gogewa kafin kowace ɗauka, ba a kuma canza gilashi a fili inda iska ke ɗauke da yashi. Da an koma masauki sai a goge kayan duka, a wanke ƙafafun mariƙi da ruwan daɗi.

Lafiyar mai hoton kansa ita ma abar dubawa ce. A Sandwich Harbour, kudu da Walvis Bay, tuddan yashi masu tsawo sun gangaro kai tsaye cikin ruwa, babu hanya sai ɗan siririn yashin da ke tsakani, shi ma sai teku ya janye ake bin sa. Wanda ya shagala da hoto har teku ya ciko, ba shi da wurin gudu da mota. Arewa da Henties Bay kuma hanyar da gishiri da ƙasa aka yi ta, tana da kyau idan ta bushe, amma da hazo ya jiƙa ta sai ta yi santsi kamar sabulu. Shi ya sa shiga gandun Gaɓar Ƙwarangwal sai da takardar izini, sashensa na can arewa kuwa ba a barin kowa ya shiga shi kaɗai.

HAZO MAI RAYARWA

Hoton gawar jirgi rabin labari ne kawai. Hazon da ya kashe jirage shi ne ruwan shan hamadar. A tashar bincike ta Gobabeb, wadda wani masanin ƙwari, Charles Koch, ya kafa a bakin kogin Kuiseb cikin 1962, an shafe shekaru ana auna hazo ana nazarin masu rayuwa da shi. A 1976 masana biyu, William Hamilton da Mary Seely, suka bayyana wa duniya halin wani baƙin ƙwaro mai kama da buzuzu, wanda ke hawa ƙololuwar tudun yashi cikin sanyin asuba, ya sunkuyar da kai ya ɗaga baya yana fuskantar iska, hazo ya taru a bayansa ya gangaro bakinsa. Saboda irin wannan rayuwa ne hukumar UNESCO ta sa tekun yashin Namib cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Ba a san waɗannan abubuwa a duniya ba sai da taimakon masu haƙurin ɗauka. Amy Schoeman ta fitar da littafin hotunan gaɓar a 1984. Des Bartlett da matarsa Jen, mutanen Ostareliya, sun yi shekaru suna zaune a can suna bin giwaye da zakunan hamada da 'yan ƙananan jiragen sama, har suka yi fim ɗin da ya sa mutane da yawa suka san akwai rai a wurin da ake zaton babu.

A nan ne kuma nauyi ya hau kan mai hoto. A filayen tsakuwa da ke arewa da Swakopmund akwai wani tsiro mai kama da gansakuka wanda ke manne da duwatsu. Da rana a bushe yake kamar matacce, amma da hazo ya taɓa shi sai ya buɗe, fili ya koma kore da ruwan goro. Girmansa a hankali yake ƙwarai, sawun tayar mota guda kuwa yakan yi shekaru aru-aru bai ɓace ba, wasu sawayen ma sun girmi waɗanda ke kallonsu. Yawan wannan ɓarna yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Namibiya ta kafa gandun Dorob a 2010, ta hana sauka daga hanyoyin da aka shata. Mai hoton da ya saki hanya domin neman kyakkyawar kusurwa ya samu hotonsa, amma ya bar wa na bayansa tabo.

Nauyi na biyu shi ne na faɗin gaskiya. Tun 2015 kamfanin Adobe ya sa wata dabara cikin manhajarsa ta gyaran hoto wadda ke kwashe hazo da jan yatsa ɗaya, wayoyin hannu da yawa kuma suna ƙara wa hoto kaifi ba tare da an tambaye su ba. Wannan yana da amfani ga mai binciken da ke son ya karanta lambar jirgi. Amma wanda ya cire hazo daga hoton gaɓar Namibiya ya nuna wa jama'a wata ƙasa dabam, wadda jirage ba za su ɓace a cikinta ba, ƙwaro kuma ba zai sami abin sha ba.

Ɗalibi ko ma'aikacin da ke da sha'awar wannan fanni ba sai ya je Namibiya zai fara ba. Safiyar Disamba ko Janairu a bakin tekun Badagiri, ko a gefen wani babban dam sa'ad da tururi ke tashi daga ruwa, ta isa makaranta. Ƙa'idodin ba su canzawa: ya riga rana tashi, ya ƙara haske bisa abin da ma'auni ya faɗa, ya nemi abu guda mai duhu a kusa da shi, ya rufe kayansa daga ƙura da laima, sa'an nan ya rubuta wuri da rana da lokaci a bayan kowane hoto, domin wata rana wani zai bukaci sanin yadda wurin yake a da.